Yadda zaka kula da injin motarka kafin ya kwantar da kai a hanya

Wannan rubutun bashi ne a kaina tun ranar da aka ɗora motata a bayan janwe daga kusa da Akomadan har Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, ina zaune gaba kusa da direban janwen da farar shaddata duk ta yi dabbare-dabbare da baƙin mai. Corolla ce ta 2006, hom yus, wato ta hannu, daga Amurka, irin motar nan mai haƙurin tsiya, amma na ƙure haƙurin nata.

Sati biyu kafin tafiyar kullum in na fito da safe a Aboabo sai in ga ɗan jiƙa a ƙasa ta wajen gaba, sai in fasa fiya wata leda biyu in ɗura mata in wuce abuna. Ranar mun tashi bayan asuba zamu Tamale addu'ar arba'in ɗin wata gwaggonmu, ni da kawuna a gaba, maiɗakina a baya da kulolin abinci. Muna wuce Offinso allurar zafi ta haura tsakiya. Kawu ya leƙo yace "kai yaro, wannan allurar dama nan take zama?" nace "Kawu ba komai, AC ne, bari mu kai Techiman sai a duba." Yace "to, motarka ce." Muka wuce Abofour, muka wuce Nkenkaasu, can sai naga allurar ta sauko ƙasa da kanta har nace Alhamdulillahi, ashe ruwan ne ya ƙare ƙarƙaf, abin da ke auna zafin ba ya taɓa komai sai iska. Ko minti biyar ba a yi ba inji ya fara ƙas ƙas ƙas, ina taka totur tana ja baya, ta mutu. A Magazin da Masta, babban makanikin shagon, ya sauke kan injin sai ya ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe ya haska tocila ta baya yace "Malam duba nan", haske na wucewa ta ƙarƙashi, kan ya lanƙwashe. Sannan ya ɗauko tiyon ƙasa na lagireto ya nuna min tsagar da ko rabin ɗan yatsa bata kai ba. Kuɗin wannan tiyon bai kai abin da nake kashewa a waakye na sati ɗaya ba.

Toh abin da na koya daga ranar zuwa yau shi zan zayyano, bi da bi, yadda nake yi da hannuna.

Da safe kafin ka sa makulli

Fara da duƙawa. Leƙa ƙarƙashin motar inda ta kwana. Ruwa fari tas ta gefen fasinja in jiya ka kunna AC wannan ba komai bane. Baƙi ko ruwan ƙasa mai maiƙo baƙin mai ne, ja-ja mai santsi yawanci man giya ne ko na sitiyari, kore ko ruwan hoda mai ɗan ƙamshin zaƙi kuma kulan ne, ruwan sanyaya inji. In ƙasar gidanku jar ƙasa ce baka iya ganewa, shimfiɗa kwali da daddare, da safe zai baka labari har da daidai inda ɗigon yake faɗowa.

Sai ka buɗe bonet. Motar ta kasance a wuri mai daidai, ba a gangaren bakin kwata ba kamar yadda yawancinmu ke fakin a Zango, don in ta karkata gejin ƙarya zai maka. Zaro sandar gejin mai, goge ta da tsumma, mayar har ƙarshe, sake zarowa, wannan na biyun shi ake karantawa. Akwai alama biyu, ta ƙasa da ta sama, mai ya tsaya tsakaninsu kusa da ta sama. A yawancin ƙananan motoci tsakanin alamomin nan kusan lita 1 ne, kenan in ka ganshi a ta ƙasa injin da ke ɗaukar wajen lita 4 ya riga ya rasa kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙara kaɗan kaɗan, ka jira ya sauka ka sake aunawa. Kar ka cika ya wuce alamar sama wai don ƙauna, in ya yi yawa kirankishaf, babban ƙarfen da ke juyawa a ƙasan inji, na bugunsa ya yi kumfa, kumfa kuma bata riƙe ƙarfe, ga shi yana tura sil ya fara yoyo.

Kar ka tsaya a yawan kawai, murza man tsakanin yatsu biyu. In ka ji tsaki-tsaki ko ka ga ƙyalli kamar garin ƙarfe akwai abin da ke cin kansa a ciki. In ya koma kalar Milo da aka zuba ma madara, ko ka ga irin wannan kitsen a ƙarƙashin murfin zuba mai, ruwa ya fara haɗuwa da mai, ranar kar ka fita da ita, kira fita, wato makaniki.

Daga nan ruwa. Duba robar ajiyar kulan ta gefe, akwai layin ƙasa da na sama. Tunda injin da sanyi zaka iya buɗe murfin lagireto, wanda fitocin nan ke ce ma wata tanki, ruwan ya zo har wuya. Matsa manyan tiyoyin nan biyu da hannu, in ɗaya ya yi taushi kamar burodin da ya jiƙa ko ya kumbura kusa da kilif ko ya bushe yana tsattsagewa, canza shi a satin nan. Motar da take lafiya bata shan ruwa kullum, in kana ƙara mata duk safiya yoyo take yi ko tana ƙona shi, kuma wannan leda biyun da nake fasawa ita ta ci ni. Ka ɗan kalli fanbel ko ya tsage, shikenan, duka ba zai ci maka minti biyar ba. Mai tasi ko trotro ya yi kullum, mai motar gida ko sau biyu a sati da kuma duk ranar da za a yi doguwar tafiya.

Tada inji

Murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa ka dakata. Ka tabbata fitilar mai, wadda ta yi kama da buta, da fitilar inji duk sun kama. Dalili kuwa akwai masu sayar da mota da ke cire ƙwan ko su liƙe shi da baƙin tef don kar mai saye ya gani, fitilar da bata kamawa a nan ba zata kama ranar da kake buƙatarta ba. Ka tada, fitilar mai ta mutu cikin daƙiƙa biyu uku. Kar ka taka totur vuum vuum kamar yadda direbobi ke yi a tasha da asuba, mai duk ya kwana a ƙasa bai gama hawa sama ba, lokacin ne ƙarfe ke gogar ƙarfe. Rabin minti zuwa minti ɗaya ya isa, sai ka ja a hankali har allura ta tashi. Barinta tana aiki a tsaye minti ashirin kana shan koko ɓarnar fetur ce kawai.

Juyen baƙin mai, a nan zan daɗe

Yawancin injinan da ake saukewa a Magazin in ka bi salsala mai ne ko ruwa. Tuƙin Kumasi irin wanda littafin mota ke kira aiki mai wahala ne, go-sulo daga Suame randabawul zuwa Kejetia, tsaya tashi tsaya tashi, ga zafi ga ƙura, inji na aiki awa guda amma mita bata nuna ko kilomita 10 ba. Saboda haka ni a kilomita 5,000 nake juyewa ko wata 6, duk wanda ya riga zuwa. Mai sintetik na gaske yana iya kaiwa 8,000 zuwa 10,000 a doguwar hanya, amma in aikinka cikin gari ne kar ka ja shi har can.

Ga wani tarko da ya kama mutane da yawa. Motocin da aka kawo daga Amurka mitarsu mil take ƙirgawa, mil 1 kuma kilomita 1.6 ne. In fita ya rubuta maka ka dawo bayan 5,000 a irin wannan mitar, kilomita 8,000 zaka yi kafin ka dawo. 5,000 ɗinmu a wajenta mil 3,100 ne da 'yan kai. Duba mitarka yau ka gani.

Lambar man kuma tana kan murfin zuba mai ko cikin littafin motar, tawa 5W-30 aka rubuta. Akwai wata magana da ta zauna a bakin mutane wai ƙasarmu da zafi sai mai kauri, kowace mota a ɗura mata 20W-50. Tsohon Urvan ko Benz 207 da ya sha duniya, eh, zai iya so. Amma injinan zamani masu VVT, tsarin da ke amfani da matsin mai wajen daidaita lokacin buɗe bawul, hanyoyin man cikinsu sirara ne, mai kauri baya saurin kaiwa sama da safe, daga nan a fara jin ƙara a taimin cen, mota ta yi nauyi, fetur ya ƙaru. Bi abin da wanda ya ƙera ya rubuta.

Ranar juyen yi haka. Sayi man da kanka a gidan mai ko wajen dila da ka sani, galan a rufe da hatiminsa, kar ka karɓi na aunawa a kwalba, araha bata ado kuma jabun mai na yawo cikin galan mai kyau. Ka sayi sabuwar filta tare. Je da injin da ɗuminsa don man ya tsiyaye sosai. Ka tsaya a wajen, kar ka bar makulli ka tafi, ba don ana zargin kowa ba, sai don aikin yawanci yaran shago ake bar ma shi kuma yaro na iya mantuwa. Ka ga an kwance noti an bar shi ya gama ɗiga, an cire tsohuwar filta tare da robarta don wani lokaci robar na maƙalewa a jikin inji a ɗaura sabuwa a kai, mai ya tsiyaye a hanya. A shafa ma robar sabuwar ɗan mai a ɗaure da hannu. A mayar da notin da wosha mai kyau ba tare da an murɗe shi kamar ana faɗa ba. A zuba, a tada minti biyu, a kashe, a leƙa ƙasa, a jira minti biyar a auna. Sai ka rubuta kwanan wata da lambar mita a ɗan littafi ko a wayarka. Wanda ya canza mai ya bar tsohuwar filta kamar wanda ya yi wanka ne ya mayar da kayan jiya.

In kun buɗe murfi kun ga baƙin dasƙararren abu kamar kwalta, man ya daɗe ya zama laka. Kar a yi saurin zuba maganin wanke inji mai ƙarfi, balle kananzir ko dizal da wasu ke yi, lakar na ɓallewa ta toshe rariyar famfon mai, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Gara a sauke farantin ƙasa a wanke shi da rariyar da hannu, sannan a riƙa juye mai da wuri wuri sau biyu uku.

Ruwa, tamostat da fanka

Ruwan famfo da na rijiya da fiya wata na ranar matsuwa ne. Suna kawo tsatsa da farin gishiri a cikin lagireto, suna cin fuka-fukan watafam, famfon da ke zagaya da ruwan inji, kuma a digiri 100 suke tafasa. Kulan da aka haɗa rabi da rabi da tsabtataccen ruwa yana hana tsatsa ya kuma ɗaga tafasar, murfin lagireto shi ma da matsin da yake riƙewa, wajen 0.9 zuwa 1.1 da zaka ga an buga a kansa, yana ƙara ɗaga ta. Kenan wannan ɗan murfin da robarsa ta mutu shi kaɗai ya isa sa mota obahitin. Kar ka gauraya kulan kala da kala, kulan na gama-gari a canza shi duk shekara 2.

Sai maganar da muke ta gardama da fitoci. Da mota ta sauka daga Tema wasu abu na farko da suke yi shi ne cire tamostat a haɗa fanka dairek, wai na ƙasar sanyi ne. Tawa ma haka wani ya yi mata ni kuma na biya shi har da godiya. Tamostat ɗin nan a yawancin Toyota wajen digiri 82 yake buɗewa, aikinsa ya kai inji zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai ya riƙe shi a nan. In babu shi inji na daɗewa da sanyi, kwamfutar motar na ta ƙara fetur, fetur ɗin na wanke man jikin silinda, ringin fistin na ci. Fankar da ke juyawa ba hutu ita ma ranar da ta gaji a go-sulon Tafo zata mutu ba sallama. Gyaran gangar auzinawa kenan. In mota na zafi a nemo dalilin, lagireto ya toshe ne, watafam ne, rile ɗin fanka ne, murfi ne, shi kansa tamostat ɗin ne ya maƙale a sa sabo.

In allura ta haura kana tafiya

Wannan a haddace shi. Kashe AC nan take. In hitar motarka na aiki kunna ta har ƙarshe ka sauke gilasai, tana janye zafi daga inji, duk da dai yawancin namu an daɗe da toshe ta. Nemi gefen hanya ka tsaya a wuri na farko da ya samu, kalmar nan ta "bari in ƙarasa" ita ce ta fi kowace kalma tsada a harkar mota. In ba tururi kuma allurar bata kai ja ba ka bar injin a silo minti ɗaya biyu ka ga ko zata sauko, ka saurara ko fanka na juyawa. In ta kai ja ko ka ga tururi ko ruwa na zuba, kashe. Ɗaga bonet a hankali ka koma inuwa ka ba ta aƙalla minti 30. Kar ka taɓa murfin lagireto, ruwan ciki ya wuce tafasa kuma a matse yake, akwai mutane a garin nan da tabon wannan a fuska da ƙirji. Kar kuma ka bari masu taimako su sheƙa ma injin bokitin ruwan sanyi, kan injin alminiyom ne, yana iya tsagewa. In ya huce har kana iya riƙe tiyon sama, ɗora tsumma mai kauri ka murɗa murfin kaɗan iska ta fita tukun sannan ka buɗe. Zuba ruwa a hankali, leƙa ƙasa ka ga ko yana fita. In yana fita kamar yadda kake zubawa, janwe. In ya tsaya ka ja a hankali idonka kan allura zuwa fita mafi kusa, ba zuwa Tamale ba. Kuma in allura ta hau sannan ta faɗo da kanta ba ka yi komai ba, kar ka yi murna irin tawa.

Jar fitilar mai kuwa ta fi wannan gaggawa. Ita matsin mai take nunawa, in ta kama kana tafiya metal, ƙarafan da kirankishaf ke juyawa a kansu, na gab da gogarsa a bushe, abin na daƙiƙoƙi ne. Sauka gefe ka kashe. Jira minti biyar ka auna, in ya yi ƙasa ka ƙara ka tada, ta mutu kuma ba ƙara to lallaɓa zuwa shago a nemo inda man ya bi. In mai a cike yake fitila kuma na nan, ko kana jin ƙwan ƙwan ƙwan daga ƙasa mai bin totur, kar ka sake tadawa ko da kuwa fita ya ce maka a waya "suwic ne kawai taho." Zai yiwu suwic ɗin ne, amma a auna da geji a tabbatar a inda take.

Ƙananan da ake rainawa

Lokacin hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, ko in kana yawan bin jar hanya, ciro eya kilina, matatar iskar inji, duk sati biyu ka ɗaga ta sama, in haske baya ratsawa canza. Ta takarda ba a wanke ta, kuma tafiya ba ita ko da yagaggiya daidai yake da zuba ma inji yashi. Tanki kar ka saba barinsa a jan layi, famfon fetur a cikin tanki yake kuma fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Masu dizal ku riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a ƙasan filta. Fitilar inji mai ruwan ɗorawa in ta kama ta tsaya, a sa mata kwamfuta cikin 'yan kwanaki a karanta lambar, motocin Amurka tun daga 1996 duk suna da wajen sawa a ƙarƙashin sitiyari. In tana ƙyaftawa inji na rawa, wata silinda bata ƙona fetur, fulogi ko koyil, rage gudu ka nufi shago. Goge lambar ba tare da gyara ba kuwa kuɗinka kawai aka ci. Hayaƙin salansa shima magana yake, shuɗi mai take ƙonawa, baƙi fetur ko dizal ya yi yawa, fari mai kauri da baya ɗaukewa bayan ta yi zafi ruwa ne ke shiga, gaskit kenan.

Ka kuma tambaya injinka taimin bel yake da shi ko cen, wato abin da ke daidaita tafiyar fistin da bawul. Corolla irin tawa da Vitz cen ne, shi mai mai kyau kawai yake so. Su Matiz da Atos da tsohuwar Picanto da yawancin Opel Astra da ake tasi da su bel ne na roba, ana canza shi tsakanin kilomita 60,000 zuwa 100,000 gwargwadon motar, kuma baya gargaɗi, in ya tsinke a yawancinsu fistin na dukan bawul su lanƙwashe. Ka sayi hom yus baka san tarihinta ba, canza shi da tenshina, abin da ke ɗame shi, tun farko ka huta.

Ƙafarka da hannunka

Akwai direban da ko wane mai ka zuba masa sai ya kashe inji. Hawa tudu a giya 4 mota na kakkarwa tana ƙas ƙas wai ana tsimin fetur, wannan metal yake daka, sauko giya ka bar inji ya numfasa. Hawan Mampong ko hawan Kwahu daga Nkawkaw da cikakken lodi, kashe AC ka sa ido a allura. A gangara kuma kar ka sa firi balle ka kashe inji, birki da sitiyari duk da inji suke samun ƙarfi, nan kam ba maganar inji ake ba maganar rai ce. Ramf da ramuka a bi su a hankali, in ka ji ƙasan mota ya daku da ƙarfi tsaya ka leƙa, farantin mai na iya fashewa ko ya loɓa ya danne rariya. Masu Sprinter da sauran masu tobo, in an sha doguwar tafiya a bar inji a silo minti ɗaya biyu kafin a kashe.

Sai ruwan sama. In aka yi irin na watan Yuni rafin Aboabo ya cika ya hau titi, ka ga trotro ya ratsa kai ma ka bi shi da Vitz, ka tuna hancin injinsa a sama yake naka a ƙasa. Ruwa baya matsuwa kamar iska, kofi ɗaya ya shiga silinda ya isa lanƙwasa konrod, sandar da ke riƙe fistin. In ya kai rabin taya juya. In kuma ta riga ta mutu a ciki kar ka taɓa makulli, a tura ta waje, a cire fulogai, a juya injin ruwan ya fita, a canza mai da filta da eya kilina. Sau da yawa wannan murɗawar ta biyu ce ke karya injin.

In ka ba da motarka wok an pe, wato direba ya yi aiki da ita yana biya har ta zama tasa, ko kana da direba mai kawo sels, kuɗin cinikin kullum, kar ka bar masa juyen mai a hannunsa, wanda ake bi kuɗi kullum ba zai ajiye mota rabin yini don mai ba. Ka sa rana ɗaya a sati ya kawo ta ka auna da kanka, ka kuma gaya masa a fili cewa in ya tsaya don fitila ta kama ba zaka bi shi kuɗin ranar ba, in ba haka ba zai ƙarasa da fasinja ne.

In aikin gama ya riga ya gama

Kar ka yarda a sauke inji daga jin ƙara kawai. A fara auna kwamfireshan na kowace silinda, a duba ko kumfa na tasowa a bakin lagireto in inji na aiki, a auna matsin mai. In gaskit ne a kai kan injin wajen masu injin gogewa a duba lanƙwasa da tsaga kafin a sa sabo, a kuma ɗaure notocin da sifanar awo bi da bi yadda aka tsara, wanda ya ɗaure da ƙarfin damtse wata uku zaka dawo. Sannan a gyara abin da ya jawo zafin tun asali.

In kuma sai an sayi injin hom yus, je da fitanka. A duba lambar injin ta dace da taka, a buɗe murfin mai a haska ciki, a zaro fulogai a ga kalarsu, a juya kirankishaf da sifana a ji yana zagayawa ba maƙalewa, in da hali a sauke farantin ƙasa a gabanka. Ku yi maganar kwanakin garanti a rubuta a rasit tare da lambar injin, ka adana rasit ɗin don ranar da zaka gyara takardu a DVLA, hukumar rajistar motoci. Kafin a ɗora shi a sa sabon mai, filta, tamostat, bel in mai bel ne, a wanke lagireto. In gyaran ciki aka yi da sabon ringi da metal, kilomita 1,000 na farko ba gudu ba lodi, sannan a juye man.

Tawa dai kan injin bai gyaru ba sai da aka nemo wani, ta yi sati uku a Magazin ina hawa pragya, keke mai ƙafa uku, zuwa kasuwa. Tsohon tiyon Masta ya sa min shi a but yace in tafi da shi, yana nan rataye a ƙusa a zauren gidanmu, kawu kuwa duk ranar da ya zo sai ya taɓa shi da sandarsa yace "yaro, mun kai Techiman ɗin kuwa?"